Jirgi mai nutso ne, ko jirgin kurme?

'Yan'uwa, ku taya ni. Jiya ina rubuta labarin wani jirgin yaƙin Ingila, irin wanda Turawa ke kira sabmarin, sai alƙalami ya cije a kan jimla ɗaya: "jirgi mai nutso ya nutse." Na karanta wa ƙanina, ya dube ni ya ce, "To Yaya, ai aikinsa ke nan, ina abin labari?"

Bari in ba ku labarin, don ku ga inda gizo ke saƙa. Sunan jirgin A1. Ranar 18 ga Maris 1904 yana atisaye a tekun da ke kusa da garin Portsmouth na Ingila, ya lafe a ƙarƙashin ruwa yana fakon wani jirgin yaƙinsu mai suna Juno, kamar zai harbe shi. Sai ga wani babban jirgi, Berwick Castle, ya taso daga Southampton zai je Hamburg. Bai san da kowa a gabansa ba, ya bi ta kan A1, ya daki 'yar hasumiyar da ke gadon bayansa, wadda ta nan ake shiga. Ruwa ya kwarara ciki. Mutum 11 ne a jirgin, babu wanda ya fita, alhali zurfin wurin bai wuce mita 12 ba. Bayan wata guda aka tsamo shi. Daga nan ne sojan ruwan Ingila suka fara sa murfi na biyu a gindin hasumiyar, in na sama ya fashe na ƙasa ya tare ruwa.

Kun ga a wannan rana jirgin ya yi abu biyu. Na farko da gangan ya shige ruwa, na biyu ruwa ne ya ci shi. Nutso da nutsewa kuwa sun yi kusa da juna a kunne.

Wani ya ce in sa "jirgin ƙarƙashin ruwa" kamar yadda ake ji a rediyo. Ya yi tsawo, kuma bai raba gardama ba. A1 ɗin nan ya sake nutsewa a 1911, wannan karo ba kowa a ciki, ba a gano inda yake kwance ba sai 1989. Duk shekarun nan ai a ƙarƙashin ruwa yake, har gobe.

Ni dai na fi karkata ga kurme. Duk wanda ya yi wanka a rafi yana yaro ya san shi: ka toshe hanci, ka shige, abokai na ta raba ido, can sai ka ɓullo a bayansu kana tsiyayar ruwa. Mai kurme da niyyar fitowa yake shiga. In bai fito ba, ba a cewa ya yi kurme, sai a ce ya nutse.

Wata 'yar'uwa ta ce tana tsoron a karanta shi kurmi ko kurma. Gaskiyarta, amma wa ya taɓa ganin jirgi a kurmi?

Na gwada wa ƙanin nawa: "jirgin kurme ya nutse, mutum 11 sun mutu." Bai yi dariya ba, cewa ya yi, "Subhanallahi, garin yaya?" Da "jirgin kurme" zan tafi.

Saura bututun nan mai madubi da suke leƙen saman ruwa da shi. Na rubuta "maleƙi" da fensir tukuna. Wa ke da wadda ta fi?