Wace kalma za mu ba "heritage" na gidajen agogo?

1/
Jama'a, ku zo mu tsayar da magana a kan kalma guda. Duk mai bibiyar tallar agoguna masu tsada ya san ba a jera jimla uku ba a ce "heritage" ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karantawa da Faransanci suna cin karo da "patrimoine". Masu fassara da masu sayar da agogo a intanet kuwa kowa da tasa: wani ya ce tarihi, wani asali, wani al'ada, wani gado. Akwai wadda na tsaya a kanta, amma bari hujja ta riga ta zuwa.

2/
Mu ɗauki gidan Breguet. Abraham-Louis Breguet haifaffen Neuchâtel ne a ƙasar Suwizalan, a 1747, ya kuma buɗe shagonsa a Paris a 1775. Yana da wata ɗabi'a da ta zame wa gidan jari har yau: kowane agogo da lambarsa, kuma sai an rubuta a littafi wanda ya saya, da ranar, da kuɗin, da gyaran da aka yi masa in ya dawo shago.

A littafin nan ne aka ga cewa ranar 8 ga Yunin 1810, Caroline Murat, ƙanwar Napoleon kuma sarauniyar Naples a Italiya, ta ba da aikin agogo mai lamba 2639. A lokacin agogo a aljihu yake zama, ko a rataye da sarƙa. Ita ta ce a hannu take son nata. Aka yi mata shi ɗan dogo mai siffar ƙwai, siriri, in an danna yana kaɗa ƙararrawa ya faɗi lokaci ko cikin duhu ne, har da ma'aunin zafi a jikinsa. Maɗaurinsa kuwa gashi ne aka saƙa da zaren zinariya. Sai Disambar 1812 aka miƙa mata shi, bayan shekara biyu da rabi ana aiki.

3/
Agogon nan ya ɓace. Littafin ya nuna 'yarta ta kawo shi gyara a 1849, ya sake dawowa a 1855, daga nan babu wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Amma a 2002 gidan ya koma kan bayanin da ke rubuce ya fitar da jerin agogunan mata mai suna Reine de Naples, wato Sarauniyar Naples. Siffar ƙwan tana nan. Ɗan kan da ake murzawa a saita lokaci an kai shi wajen ƙarfe huɗu maimakon ƙarfe uku da aka saba. Na farkonsu har wata yake nunawa, daga jinjiri zuwa cikarsa.

4/
To a nan "tarihi" ta gaza. Tarihi labarin abin da ya faru ne, ana karanta shi a rufe littafi. Wannan kuwa an karanta ne aka koma kan teburin aiki aka ƙera. "Asali" ta fi kusa, sai dai tana nuna mafari kaɗai, ba ta ce komai a kan shekara 250 da ke tsakanin mafarin da yau. "Al'ada" ta jama'a ce baki ɗaya, ba a jingina ta ga shago guda.

5/
Saura gado. Wani malami a cikinmu ya ƙi ta, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce gado na jini ne, sai an mutu ake raba shi, alhali zuriyar Breguet ta saki harkar agogo tun tuni. Allah ya gafarta Malam, gaskiyarka ta nan ɓangaren. Breguet ya rasu a 1823, ɗansa ya karɓa, jikansa ya karɓa, sai jikan ya karkata ga aikin lantarki da wayar tangaraho. A 1870 aka damƙa sashen agogo ga Edward Brown, Baturen Ingila da ke shugabantar ma'aikatan shagon. Iyalin Brown suka riƙe shi shekara ɗari cur, har 1970. Ya sake canza hannu, kafin kamfanin Swatch ya saye shi a 1999, kuma yau a Suwizalan ake ƙera agogunan.

Amma Malam, Bahaushe gado biyu ya sani. Akwai na dukiya, wanda ake kasawa kowa ya ɗauki nasa ya ragu. Akwai kuma wanda marini a Ƙofar Mata yake nufi in ya ce "rini gado na yi": ya zauna gaban wani ya koya, hannunsa ya yi baƙi, har ya san baba ya nuna daga ganin kumfarsa. Irin wannan gadon yaron gida da ya jure yakan fi ɗan cikin gida samu. Brown irin wannan magajin ne. Shi ya sa aka ce gadon gida alala ga raggo, don ɗaukarsa aiki ne.

6/
Don haka abin da na tsaya a kai shi ne gadon sana'a. Ban ce gadon gida ba, ko da yake ta fi daɗi a baki, saboda a rubuce ba a ganin karin sauti, wani zai karanta ya zaci gadon kwana ake nufi. Da an ce sana'a ruɗanin ya kau.

7/
Abin da ya fi sa ni son kalmar shi ne tana tilasta tambaya. Da ka ce gadon sana'a, mai hankali zai ce: wa ya koya daga wa? Me aka miƙo? Wannan tambayar tana da muhimmanci, don bayan agogon batir na Japan ya shigo kasuwa a 1969 ya durƙusar da gidajen Suwizalan da yawa, an yi ta sayen sunayen da suka mutu ana farfaɗo da su. Wasu suna kawai aka saya, da shekarar kafuwa da za a buga a fuskar agogo. Wanda ya sayi suna babu littafi, babu ma'aikaci, babu salon aiki, ba zan ce yana da gadon sana'a ba. Tsohon suna gare shi, kuma haka ya kamata mu rubuta.

A Breguet ana iya nuna abin da yatsa. Hannayen agogon shuɗɗa ne sirara, kowanne da ɗan zobe mai huji kusa da tsininsa, salon da mai gidan ya fito da shi tun wajen 1783. Fuskar agogon kuma ana sassaƙa mata ƙananan zane da injin da mutum ke juyawa da hannu, layi bayan layi, in hannu ya goce sau ɗaya fuskar ta lalace.

8/
Wata Hajiya da ke haɗa kayan lefe ta tambaya: to irin na sarauniyar fa, agogon mata kawai za a ce? Hajiya, a ganina ya kamata mu raba. Agogon hannu na mata shi ne kowane iri. Amma wanda rabinsa ado ne, an ƙera shi tare da maɗaurinsa na zinariya ko duwatsu, ina ganin agogon munduwa ya dace da shi. Kin kawo awarwaro, kuma ba laifi, sai dai awarwaro sirara ne ana jera su da yawa, munduwa kuwa guda ce mai jiki, ta fi kama da abin.

Kuma kada mu fassara shi kamar ƙanin na maza. Mata ne suka fara ɗaura agogo a hannu. Gidan agogo na Patek Philippe ya yi wa wata basarakiyar Hangari nata a 1868, maza kuwa ba su saki na aljihu ba sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna wa soja cewa ba shi da hannun laluben aljihu. Ƙanƙantar agogon mata ma ita ta wahalar da maƙera suka ƙware. Injin agogon da gidan Jaeger-LeCoultre ya fitar a 1929, mai lamba 101, nauyinsa bai wuce kusan giram ɗaya ba, kuma shi ne a hannun Sarauniya Elizabeth ta Biyu ranar naɗinta a 1953, ɓoye cikin munduwar lu'ulu'u.

9/
Ga yadda zai zauna a jimla, ku gwada a bakinku: "Wannan agogon munduwa ne, daga gidan da gadon sana'arsa ya faro tun 1775." Mutanen Damagaram da Maraɗi, in akwai yadda kuke faɗin "patrimoine" na masu sana'a da ya sha bamban da wannan, ku kawo mu auna su tare.