Warin fetur a Camry Orobo: ta ina take yoyo?

Mai Orobo (Ƙofar Ƙaura): Assalamu alaikum 'yan zaure. Camry gare ni, Orobo 'yar 1994 mai inji 2.2. Kwana ukku ke nan, da na tashe ta da safe sai warin fetur ya cika cikinta, har uwargida ta ce ita da shiga motar sai an gyara. Na buɗe bonet na ga danshi a ƙarshen bututun da nozul masu fesa wa inji mai ke jere a jikinshi, daidai wani ɗan abu mai hular roba kamar murfin kwalba. Yaron garejin unguwarmu ya ce regileta ce, wai mai daidaita ƙarfin mai. Ga shi jibi ina da ɗaurin aure a Daura. Me kuka gani?

Direban Jibiya: Wa alaikumussalam. Alhaji goga mata sabulu ka yi tafiyarka, in ka dawo a duba. Mu da shi muke toshe tanki a hanya.

Tsohon Bakanike: Haba direba, so kake ka toya mana Alhaji? Sabulu na riƙe tanki ne don man ciki a kwance yake. Wannan bututun kuwa famfo ne ke tura mai cikinshi da ƙarfin da ya kai kusan psi 40 a ma'aunin matsi, ko aradait ba ya zama, balle sabulu. Alhaji, yaron bai gane ba. Regileta tana da siririn tiyon iska da ya shiga kanta, kuma daga gare ta ragowar mai ke komawa tanki. Mai hular roba da ke wajen shigar mai, damfa ce. Duk sanda nozul ya buɗe ya rufe, man cikin bututu yana yin bugu kamar famfon gida in an rufe shi da sauri. Cikin damfar akwai faifan roba da sifirin, su ke shanye bugun. Mota ta shekara 30, robar ta bushe ta tsage, shi ke nan.

Mai Orobo (Ƙofar Ƙaura): To Baba, in sa a canza ta kawai?

Tsohon Bakanike: A'a, fara gano ta ina man ke fita, kada ka sayi abin da ba shi ne ba. Bari inji ya huce sarai. A fitar da motar fili, ba mai sigari kusa. Goge wurin ya bushe ƙayau, ka cire hular robar, sannan a sa famfo ya yi aiki kana kallo da tocila. In man ta saman damfar yake tsattsafowa, wajen ɗan ƙusan da ke tsakiya, robar ciki ta mutu, babu gyara sai sabuwa. In ta gindinta ne, washa biyu da ke sama da ƙasan bakin bututun su suka gaji. Wani lokacin ma zoben robar nozul na kusa ne ke zubarwa, man ya gangaro ya shafa wa damfa laifi.

Rewaya Sabuwar Unguwa: Ƙari kan maganar Baba, ba sai an tashi inji ba. Akwai ɗan akwati a cikin bonet da aka rubuta DIAGNOSIS. A haɗa ramin +B da na FP da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an buga sitata ba, famfo zai yi ta aiki. Amma wanda bai iya karanta ramukan ba ya bari, kuskure ɗaya fiyus ya tafi.

Injiniya Batagarawa: Ni tawa da ta yi haka, noti mai huda aka ɗaura mani a madadin damfar. Shekara biyu ban ga matsala ba.

Tsohon Bakanike: Tana tafiya Injiniya, ban musa ba. Sai dai bugun bai je ko'ina ba, tiyo da nozul ke shan shi. Na yarda da noti don mutum ya kai gida, ba don zama ba.

Malamar Kwaleji: Don Allah Alhaji a bar motar nan a gida. Ta maigidana haka ta fara da wari, muka yi ta cewa gobe, ranar nan hayaƙi ya turnuƙe daga bonet muna tsakiyar hanya da yara. Da ƙasa aka kashe. Kilomita kusan 80 daga Katsina zuwa Daura da inji mai zafi da wayoyin filogi, a shiga ta haya mana.

Direban Jibiya: Na janye sabuluna. In damfar ce, a nemo beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano, direbobinmu na zuwa kullum.

Tsohon Bakanike: Nan ma sai na yi maka gardama. Ƙarfe ana sayen beljiyam, roba kuwa sa'ar wadda ta mutu za a ba ka. Alhaji ka ba mai shago lambar shasi ya nemo sabuwa, tare da washa biyu sabbi fil. Tsohuwar washa ta riga ta lotse, ba ta sake kamawa. Kafin a kwance, a zare soket ɗin famfon mai a bar inji ya ci abin da ke cikin bututu har ya mutu da kanshi, a cire kan batir na nagatif, a tara tsumma. Wajen ɗaurewa kuma kada yaro ya hau sifana da ƙarfin tuwo, zaren bututun na iya cinyewa.

Mai Orobo (Ƙofar Ƙaura): Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mun gwada bayan La'asar, da Rewaya ya haɗa wayar sai ga mai yana tsartuwa ta ƙarƙashin hular, gindin kuwa a bushe. Na tura lambar shasi Kano, sun ce sai Litinin. Wa ke zuwa Daura jibi da safe yana da wurin mutum biyu?

Injiniya Batagarawa: Ni ne, ƙarfe 8 a shataletalen Ƙofar Ƙaura. In dai ba ka tsoron motar da ba damfa.