Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tollgate" a tarihin Wales?

Assalamu alaikum, malamai da masana harshe. Ina shirya darasi kan tarzomar da manoman kudu maso yammacin Wales, a Birtaniya, suka yi tsakanin 1839 da 1843, wato farkon mulkin Sarauniya Biktoriya, sai kalmar Turanci "tollgate" ta tsaya mini a wuya.

Abin da ake nufi da ita ƙofa ce ta katako da ake gicciyawa a kan hanya, da ɗan ɗaki a gefe inda mai karɓar kuɗi yake kwana. Masu ƙofofin ba gwamnatin Landan ba ce. Ƙungiyoyi ne na masu hali a kowane yanki, waɗanda suka ci bashi don gyaran hanya, suke kuma fanshewa daga aljihun matafiya. Manomin da ya ɗauko farar ƙasa a keken doki domin gyara gonarsa yakan biya a ƙofa fiye da ɗaya kafin ya isa gida, ga kuɗin hayar gona, ga ushirin cocin Ingila wadda da yawansu ba ita suke halarta ba. A watan Mayu na 1839 aka fara farfasa ƙofar Efailwen da dare, maza ne sanye da tufafin mata, fuskokinsu shafe da baƙi, suna kiran jagoransu Rebeka, su kuma 'ya'yanta.

Wani abokin aiki ya ce in rubuta "tolget" kawai, tunda direbobinmu sun san ta kafin a rushe irin waɗannan ƙofofi a zamanin Obasanjo. Ban ƙi kalmar aro ba, amma wannan tana kawo wa mai karatu hoton kwalta da manyan motoci. "Shingen haraji" kuma ya kauce sau biyu: shinge a kunnen Bahaushe na jami'an tsaro ne, haraji kuwa hukuma ce take ɗora wa talakawanta.

Akwai dalilin da ya sa nake son "ƙofa" ta fito a cikin sunan. An fi danganta laƙabin Rebeka da aya ta 60 a sura ta 24 ta Littafin Farawa, inda aka yi wa Rifkatu, wato Rebeka, addu'ar zuriyarta su mallaki ƙofar maƙiyansu. Mutanen da suka tashi da karatun Littafi Mai Tsarki a harshensu na Welsh sun gane wannan nan take, kuma idan muka ce shinge, ma'anar sunan ta ɓace.

Sauran rabin kuwa muna da shi a gida. Fatake sun daɗe suna biyan kuɗin fito idan za su haye kogi ko su ratsa ƙasar wani sarki, wato kuɗin wucewa, ba kuɗin zama ba. Da farko na rubuta "ƙofar fito", sai wani dattijo ya ja hankalina cewa mai karatu cikin sauri zai ɗauka "ƙofar fita" ce, kuma gaskiyarsa. Saboda haka na tsaya a kan "ƙofar kuɗin fito", jam'inta "ƙofofin kuɗin fito".

Na gwada ta a jimla, ta kuma zauna: a 1844 majalisar dokoki ta haɗe ƙofofin kuɗin fito na kudancin Wales ƙarƙashin hukumomin gundumomi, ta rage kuɗin fiton farar ƙasa da rabi. Malamai, in akwai gyara ina saurare kafin darasin ya fita.