In biya kuɗin mujallar malamai ko in haƙura?

Maman Ilham, Gwale: Assalamu alaikum malamai. Lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Wani ya kawo mana fom na wata mujallar malamai, fitowa huɗu a shekara, ₦12,000. Ya ce akwai samfurin darasi a ciki. Ranar Juma'a zai dawo karɓar kuɗi. Wanda ya taɓa biya, tana amfani a aji kuwa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malama, kin yi rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa? Ita ce gaba.

Maman Ilham: Na yi tuni, Malam.

Ɗan Kurna: Malama, riƙe kuɗinki. Mu goma sha ɗaya muka haɗa a makarantarmu. Fitowa ɗaya muka gani, ita ma rabinta hotunan manya ne da saƙon taya murna. Na bi adireshin jikin rasit har Sabon Gari, na tarar shagon sayar da caja ne. Da yake ni na kawo mutumin, ni aka riƙe. Wata uku ina biyan abokan aiki daga albashina. Har yau akwai malamar da ba ta amsa gaisuwata, wallahi abin yana ci mini rai.

Anti Fagge: Mu ₦7,500 aka ce mana.

Baban Khalifa: Ina! ₦15,000 ce, har kuɗin kawowa.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, shekara 35 na yi da alli a hannu. Nemi Abacus, mujallar ƙungiyar masu lissafi ta ƙasa, MAN. Malaman kimiyya suna da ta STAN, ƙungiyar da ke nan tun 1957. Waɗannan an san asalinsu.

Malamin Dorayi: Baba, a yi haƙuri, Abacus yawanci binciken malaman jami'a da kwaleji ne. Ba za ta nuna mata yadda za ta koyar da yara sama da ɗari a aji guda ba.

Tsohon Hedimasta: Yaro, ka taɓa buɗe ta?

Anti Fagge: Mai ƙosan ƙofar makarantarmu tana tambaya, takardar tana shan mai?

Malamin Dorayi: Ni ajina ko benci babu, alli ma da kuɗina nake saye. Ƙarin girman da aka yi mini a takarda ya tsaya, shekara biyu ke nan.

Ɗan Kurna: Kai ma? Ni fayil ɗina aka ce ba a gani ba.

Maman Ilham: Malamai, Juma'ar fa jibi ce.