Shafin bashin taki ya yi nauyi: in karɓi kuɗin saba ko in gyara?

Ɗan_Kura: Salam 'yan uwa. Na haɗa wa ƙungiyar manoman shinkafar garinmu manhaja da Django (kayan haɗa manhajar yanar gizo na yaren Python), ta rubuta bashin taki. Manoma 400, kowa da ƙauyensa da abin da ya biya. Shafin sunaye sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Debug Toolbar, mai nuna abin da shafi ke yi a bayan fage, ta ƙirga min tambayoyi 801 ga rumbun bayanai. Shugaba ya ce ran Juma'a zai ba da kuɗin babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. In karɓa?

Baffa_Ringim: Ka bar Django ka koma kishiyarta Laravel kawai.

Maman_Hanan: Baffa, can ma idan ka manta with(), mai ɗebo bayanan da ke da alaƙa a tafi ɗaya, haka za ka sha. Ƙanina, tambaya 1 ce ta ɗebo manoma, sannan kowane manomi an koma masa sau 2: ƙauye da biya. Kamar a aike ka kasuwa sau 800. Sa select_related a kan ƙauye, zai taho da shi ta JOIN, wato a haɗe cikin tambayar farko. Biya kuwa kowa yana da shi da yawa, wannan aikin prefetch_related ne: tambaya guda daban, Django ya haɗa su a Python. 801 za ta koma 2.

Auyo_Boy: Ni dai ka karɓi kuɗin tukuna. Na yi wa wata ƙungiya irin wannan, kwana 3 ina gyara a shagon cajin waya, janareta na hayaƙi a kaina. Da shafin ya fara buɗewa nan take, ma'aji ya leƙa ya ce, "Au, dama layi biyu ne?" Cikon kuɗina har yau sai bayan girbi. An yi girbi biyu.

Baffa_Ringim: Saba ai dala 6 ce a wata.

Auyo_Boy: Wace? Ni dubu 25 nake biya.

Maman_Hanan: Ko ta dala 100 ce, tambayoyin suna nan 801.

Baffa_Ringim: Hajiya, ke a birni kike aiki. Mu nan sabis ne matsalar, ba JOIN ba.

Maman_Hanan: Malam, ai shi ya ƙirga, ba ni ba.

Sarkin_Zolaya: Ɗan Kura, ka ce a biya ka da buhun shinkafa, ita ba ta jiran alat.

Ɗan_Kura: Na sa select_related, sun dawo 401. Zan gwada ɗayan idan an kawo wuta.

Auyo_Boy: Kun ga wuta? Mu tun da taransifoma ta ƙone aka ce kowane gida ya kawo kuɗi. Wa ya san inda suka shiga?