Za mu shiga Burusel da mota, a ba mu shawara

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan ɗauki iyali daga Paris zuwa Burusel, kwana biyu, da mota. Wajen kilomita 300 ne. Waɗanda suka san garin, me za mu gani, me kuma zai iya ɓata mana tafiya?

Kawu na Molenbek: Wa alaikumus salam. Kafin maganar yawo, duba lambar motarka a shafin LEZ, wato tsarin rage hayaƙin motoci na birnin. Tun 2018 suka fara hana tsofaffin motoci shiga, musamman masu shan dizal. Kyamara ce ke karanta lamba, babu ɗan sandan da za ka ce wa ranka ya daɗe. Kuma tun 2021 gudun cikin gari kilomita 30 ne sai inda allo ya ce akasin haka. Ka ajiye motar a Ceria ko Kraainem ku shiga jirgin ƙasa, hankalinka kwance.

Ɗan Maraɗi: Kawu ya manta babbar. A mararrabar da babu allo, wanda ya ɓullo ta damanka shi ke da hanya, ko daga ɗan lungu ya fito. Ranar farko wata tsohuwa ta faɗo gabana ko waiwaye ba ta yi ba, na taka birki har ledar burodi ta zube ƙasa. Ina ta masifa, ashe ni ne mai laifin. Taragon tram kuwa kada ka yi gardama da shi.

Maman Hanif: Ni alluna ne suka wahalar da ni. Za mu koma ta Mons, sai allon ya koma Bergen. Muka yi ta zagaye ina cewa maigida ya ɓatar da mu, ashe gari ɗaya ne, sunan Faransanci da na Holanci. Lille ma Rijsel take zama.

Baban Ummi: Ikon Allah. To wuraren gani fa, Hajiya? Yara sun dame ni da wani gunkin yaro.

Maman Hanif: Manneken Pis. Ka shirya su tun a mota, don tsayinsa bai kai santimita 60 ba. Hanif ya kalle shi ya ce, "Mama, shi ke nan?" Abin dariyar shi ne yana da kayan sawa sama da 1,000, har gidan ajiye su aka yi masa. Ku leƙa, ku taka zuwa Grand-Place da ke kusa, can ne kyan yake, musamman bayan magariba in an kunna fitilu. Atomium kuma, gini mai ƙwallaye tara da tsayin mita 102 da aka gina don baje kolin 1958, shi yara suka fi so.

Ɗan Maraɗi: In kana son abin da ba ya cikin littafin 'yan yawon buɗe ido, je titin Heyvaert. Garejoji ne jere, daga nan ake tura motoci tashar Antwerp zuwa Kwatano da Lome. Motar Beljiyam ɗin da ake ji a gida, ga tushenta. Na tsaya minti goma na ji ana ciniki da Hausa da Zabarmanci.

Kawu na Molenbek: Ɗana, wa zai kai mata da yara kallon gareji? Lahadi da safe ku je kasuwar Midi, ku sha shayin na'ana'a da msemen, wata irin gurasa ta Marokawa. Juma'a ce da na ce babban masallacin da ke lambun Cinquantenaire.

Maman Hanif: Soyayyen dankalinsu kuma a tambaya, da yawa da kitsen sa suke soyawa, ba kowa ne hankalinsa ke kwanciya ba. A Chaussée de Gand shagunan halal sun cika titi. Cakulan ma a duba, wasu akwai giya a ciki. Ku riƙe tsabar kuɗi, bayan gida ma sai an biya.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Na duba, motar 2017 ce, ta wuce. Kawu, in mun sauka zan kira, Ummi ta ce sai ta ga mai shayin nan.

Kawu na Molenbek: Ku zo kafin ƙarfe goma, bayan nan layin ya yi tsawo.