Katifar iskata tana sacewa kafin asuba, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gwaggona ta zo daga Garwa ganin likitan ido nan Marwa, za ta yi wata guda a wurinmu. Na bar mata gadona, na sayi katifar iska jaka 18 a babbar kasuwa.

Kwana huɗun farko lafiya lau. Yanzu kuwa in na cika ta da famfo bayan isha'i, kafin kiran assalatu ƙuguna ya taɓa siminti. Maƙwabcina ya ce sanyin hunturu ne ke sa iska ta tsuke. Na yarda, amma ba har ta zama tabarma ba dai.

Na shafa ruwan sabulu ko'ina, na ga kumfa a gefen ɗinki, kusa da bakin hurawa. Mai facin taya ya liƙe, kwana biyu facin ya ɓamɓare, wai gam ɗinsa na roba ne, ba ya kama leda. Wurin ma gashi-gashi ne, ko sai an kankare tukuna?

Don Allah wane gam ne ke riƙe irin wannan, kuma ana samunsa a Marwa? Gwaggo ta fara cewa ita za ta sauko ƙasa, ni kuwa kunya ba za ta bar ni ba.